Shin Laka Tana Sake Tsira? Tarihin Wani Dogon Nema

Ya kai mai karatu, ko kai ne kake kwance, ko kuwa kai ne kake zaune a bakin gado kana jinyar ɗa, ko ƙane, ko mahaifi. Ke ma da kike tashi tsakar dare domin juya maigidanki, da ke nake.

Akwai wata tambaya da ba ta rabuwa da tagar ɗakin magani a asibiti. Mai jinya zai miƙo takardar likita, a haɗa masa maganin zogi, da na kashe ƙwayoyin cuta, da na sassauta ɗaurewar tsoka, da robar fitsari. Sai ya leƙa cikin ledar, ya rage murya ya ce, "To, wanne ne a ciki yake haɗa lakar?" Amsar ba ta da daɗin faɗa, amma ita ce gaskiya: babu shi a ciki. Har zuwa yau babu ƙwaya, ko allura, ko ƙarin ruwa da bincike ya tabbatar yana sake haɗa lakar ɗan Adam bayan ta lalace.

Sai dai wannan "babu" tana da tarihi, kuma ta jiya daban take da ta yau. Na ga ya dace in warware maka tarihin, domin wanda ya san inda aka fito da inda aka tsaya, da wuya ya yanke ƙauna, da wuya kuma wani ya raba shi da gonarsa da sunan magani.

Abin da raunin laka yake nufi

Laka igiya ce mai taushi, kaurinta kamar na ƙaramin yatsa, tsawonta a jikin babban mutum kusan santimita 45. Daga ƙwaƙwalwa take sauka, ta bi ta ramin da ke tsakiyar ƙashin baya. A cikinta akwai zaruruwan jijiya masu ɗimbin yawa. Wasu suna kai umarni daga ƙwaƙwalwa zuwa tsoka, wasu suna dawo da labarin zafi da sanyi da taɓawa. Duk inda na ce jijiya a wannan rubutu, mai ɗaukar saƙo nake nufi, ban da mai ɗaukar jini.

A yawancin haɗurra lakar ba ta tsinkewa gida biyu. Ƙashi ne yake karyewa ko ya goce ya danne ta, sannan kumburi da ƙarancin jini su ƙara ɓarna a sa'o'i da kwanakin da suka biyo baya. Abin da ke ƙasa da wurin raunin shi ke shan wahala: motsi, da ji, da riƙe fitsari da bayan gida, har da daidaiton ƙarfin jini. Idan ji da motsi sun ɗauke ƙaf har zuwa kewayen dubura, likitoci suna kiransa cikakken rauni. Idan akwai saura ko yaya yake, ragaggen rauni ne. Ka riƙe wannan bambanci, domin za mu sake haɗuwa da shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa sama da mutum miliyan 15 ne suke rayuwa da raunin laka a duniya.

Ciwon da likita ba ya taɓawa

Mafi tsufan bayanin da ya iso gare mu yana cikin wata takardar fafirus ta ƙasar Masar, wadda aka kwafa wajen shekara 1600 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Wani Ba'amurke mai suna Edwin Smith ya saye ta a Luksor a 1862, aka buga fassararta a 1930. Tana ɗauke da bayanin raunuka 48, kuma likitan da ya rubuta ta yakan yanke ɗaya daga hukunci uku: ciwon da zai yi wa magani, da wanda zai yi kokawa da shi, da wanda ba za a taɓa ba. Ya siffanta mutumin da ƙashin wuyansa ya goce, hannuwa da ƙafafu suka daina ji, fitsari yana zubo masa bai sani ba. A kashi na uku ya sanya shi.

A ƙarni na biyu bayan haihuwar Annabi Isa (AS), Jalinusu, likitan nan Bagirke da ya yi aiki a birnin Rum, ya riƙa yanke lakar dabbobi a wurare daban-daban yana duba abin da zai biyo baya. Ya gano cewa duk abin da ke ƙasa da yankan yana mutuwa, kuma idan yankan ya yi sama sosai a wuya numfashi ma tsayawa yake. Likitocin Musulmi sun gaji wannan ilimi ta hanyar fassara, har Az-Zahrawi na Ƙurɗuba da Ibnu Sina suka yi rubutu a kan gocewar ƙashin baya da yadda ake daidaita shi. An san inda cutar take, amma babu wanda ya iya dawo da abin da laka ta rasa.

Haka aka taho har Yaƙin Duniya na Ɗaya. Harvey Cushing, babban likitan tiyatar ƙwaƙwalwa na Amurka, ya ba da rahoton cewa kusan 80 cikin 100 na sojojin Amurka da suka sami raunin laka sun mutu cikin makonnin farko. Gyambon kwanciya da cutar mafitsara da ke haurawa zuwa ƙoda su ne suka cinye yawancinsu.

Abin da madubin bincike ya nuna

A 1850, wani likita a Landan, Augustus Waller, ya yanke jijiyar harshen kwaɗo ya duba ta da madubin ƙara girman ƙananan abubuwa. Ya ga ɓangaren zaren da aka raba da uwar ƙwayarsa yana ruɓewa ya marmashe. Daga baya aka fahimci sauran labarin. A jijiyoyin da ke wajen laka, irin na hannu da ƙafa, akwai wasu ƙwayoyin halitta da ake kira da sunan Schwann, masu taimakawa wajen share tarkacen, sannan su jeru su zama hanya. Sabon zare yana bin wannan hanya, yana tafiyar kusan milimita ɗaya a yini. Shi ya sa wanda wuƙa ta yanke wa jijiyar hannu, idan aka ɗinke ta da kyau, yakan fara ji bayan watanni.

To me ya hana laka yin haka? Wanda ya fi kowa zurfafa dubawa shi ne Santiago Ramón y Cajal, mutumin Sifen, wanda ya sami lambar Nobel a 1906. Ya ga zaruruwan laka da aka yanke suna yunƙurin tsira na 'yan kwanaki, sai bakinsu ya kumbura ya dunƙule, su tsaya cak. A 1911 ɗalibinsa Francisco Tello ya dasa guntun jijiyar waje a cikin ƙwaƙwalwar zomo, ya ga zaruruwan ƙwaƙwalwa sun miƙe sun shiga cikinta. Duk da haka, abin da duniya ta riƙe daga littafin Cajal, wanda aka fitar da Ingilishi a 1928, shi ne cewa hanyoyin ƙwaƙwalwa da laka na babban mutum ba sa sabuntuwa. Shi kansa ya bar wa masu zuwa wasiyyar su gwada sauya wannan hukunci, amma an yi shekara hamsin hukuncin ake tunawa, an manta da wasiyyar.

Likitan da ya ceci rayuka ba tare da ya tsirar da zare ɗaya ba

Ludwig Guttmann Bayahude ne, likitan tiyatar jijiya a Jamus, wanda ya tsere wa mulkin Hitila zuwa Ingila a 1939. A watan Fabrairun 1944 gwamnatin Birtaniya ta ba shi ragamar sabon sashen masu raunin laka a asibitin Stoke Mandeville. Ba shi da wani maganin tsirar da jijiya. Abin da ya kawo shi ne tsari mai tsanani. A juya majinyaci duk bayan awa biyu, dare da rana. A zuƙe fitsari a kan lokaci da roba mai tsabta a cire ta, maimakon a bar mafitsara ta zama matattarar cuta. A ciyar da shi da kyau, a motsa gaɓoɓinsa, a sauke shi daga gado zuwa keke, a koya masa sana'a. Zuwan fenisilin a waɗannan shekaru ya ƙara wa aikin ƙarfi.

Mutanen da a da ake jiran ajalinsu cikin makonni suka fara komawa gida, suna aure, suna aiki. A ranar 29 ga Yulin 1948, ranar da aka buɗe wasannin Olamfik a Landan, Guttmann ya shirya gasar harbin kibiya ta mutum 16 a kan kekuna. Wannan gasa ce ta girma ta zama wasannin Olamfik na naƙasassu, waɗanda aka fara a Rum a 1960, inda 'yan Najeriya suka yi suna a ɗaga ƙarfe a shekarun baya-bayan nan. A 1972 kuma wani likita a Amurka, Jack Lapides, ya nuna cewa majinyaci zai iya zuƙe fitsarinsa da kansa a gida da roba mai tsabta da wankakken hannu. Cikin dukkan abin da zan ambata, babu abin da ya ƙara wa masu raunin laka shekaru kamar waɗannan ayyuka marasa ƙyalƙyali.

Iri da ƙasa

A 1981, a Jami'ar McGill da ke Montreal ta ƙasar Kanada, Albert Aguayo da Samuel David suka koma kan gwajin Tello da kayan aiki na zamani. Suka ɗauki guntun jijiyar ƙafar ɓera suka yi gada da ita tsakanin gindin ƙwaƙwalwa da laka. Zaruruwan ƙwaƙwalwa da na laka suka shiga gadar, suka yi tafiyar kusan milimita 30. Da suka kai ƙarshenta suka sake shiga naman laka, sai suka tsaya. Manomi zai gane wannan darasi nan take: irin yana da rai, ƙasar ce take hana shi tsiro. Daga nan masu bincike suka duƙufa neman abin da ke cikin ƙasar.

A 1988, Martin Schwab da Pico Caroni a birnin Zurich na Suwizalan suka gano cewa rigar kitsen da ke naɗe da zaruruwan laka tana ɗauke da wani furotin mai tsayar da tsiro. Bayan shekara biyu aka nuna cewa idan aka toshe shi da sinadarin garkuwa, wasu zaruruwan lakar ɓera suna tsallake wurin rauni. A shekarar 2000 aka tantance asalinsa, ya shahara da sunan Nogo, ma'ana ba hanya.

Shinge na biyu shi ne tabon da ke fitowa a wurin rauni. A 2002, Elizabeth Bradbury da abokan aikinta a Landan suka yi amfani da wani sinadari da ake samu daga ƙwayoyin bakteriya suka narkar da wani sashe na tabon, tafiyar ɓerayen ta gyaru. Amma a 2016 Michael Sofroniew a Los Angeles ya nuna cewa kawar da ƙwayoyin da ke gina tabon gaba ɗaya ba ya haifar da tsiro, domin tabon katanga ce da ke tsare lafiyayyen nama, kuma zaruruwa suna iya dogara da shi idan aka ba su abin da suke buƙata.

Shinge na uku yana cikin ƙwayar jijiyar kanta, domin da girma ya zo takan rufe ƙofar tsiro. A 2008, Zhigang He a Boston ya kashe wani ƙwayar gado mai suna PTEN a jikin ɓeraye, jijiyar idonsu da aka murƙushe ta sake tsira. Matsalar ita ce wannan ƙwayar gado tana cikin masu tsare jiki daga ciwon daji, saboda haka ba a yi mata garaje. Akwai kuma halittun da Allah Ya ba wannan baiwa kyauta: wasu kifaye, har da wani ɓera mai gashi kamar ƙaya da ke zaune a arewacin Afirka, wanda masu bincike a Fotugal suka nuna a 2022 cewa yana sake tafiya bayan an yanke lakarsa gaba ɗaya. Ana nazarinsa domin a gano sirrin.

Daga ɓera zuwa mutum

A nan ne tafiyar ta yi tsauri, kuma a nan ne labarin ya shigo ɗakin magani. A 1990 aka fitar da sakamakon wani babban gwaji a Amurka, na majinyata 487, a kan metilfirednisolon, ɗan gidan su firednisolon da kuka sani. Aka ce idan an ɗura shi da yawa ta jijiyar jini cikin awa 8 na farko yana ƙara ɗan motsi. Asibitocin duniya suka karɓa hannu biyu. Da aka sake tankaɗe alƙaluman, sai aka lura cewa amfanin bai bayyana ba sai da aka ware wani rukuni na majinyatan aka dube su daban, kuma amfanin ƙarami ne. Illolinsa kuwa sun haɗa da ciwon huhu, da ruɓewar rauni, da zubar jini a ciki, da hauhawar sukari. A 2013 manyan ƙungiyoyi biyu na likitocin tiyatar jijiya a Amurka suka ba da shawarar a daina. Wasu masana har yanzu suna ganin za a iya bayar da shi na yini ɗaya ga wanda ya iso da wuri, amma ko su ba su ce yana tsirar da jijiya ba.

Wasu magungunan ma sun bi wannan hanya. Riluzol, wanda ya yi kyau a jikin dabbobi, an gwada shi a ƙasashe da dama, annobar korona ta katse gwajin, kuma sakamakon da ya fito a 2023 bai kai ga abin da aka sa a gaba ba. Sinadarin toshe Nogo, bayan shekara talatin da 'yan kai, an gwada shi a Turai a kan mutum sama da ɗari masu rauni a wuya. Da aka haɗa kowa da kowa ba a ga bambanci da waɗanda ba a ba su ba, sai dai an ga alamun amfani ga masu ragaggen rauni, kuma ana bin wannan sawu.

Dalilan gazawar a fili suke. Zaren da zai yi tafiyar 'yan milimitoci a jikin ɓera, a jikin mutum santimitoci masu yawa ne a gabansa. Raunin ɗakin gwaji iri ɗaya ne a kowace dabba, na kan titi kuwa kowa da nasa. Kuma tsira kaɗai ba ta isa ba, sai zaren ya sami ainihin abokin haɗinsa, domin haɗin kuskure yana iya haifar da zogi maimakon motsi.

Abin da ya nuna amfani a sa'o'in farko shi ne gaggauta ɗage ƙashin da ya danne laka. A binciken da Michael Fehlings na Toronto ya jagoranta, wanda ya fito a 2012, an bi majinyata 313 masu rauni a wuya. Cikin waɗanda aka yi wa tiyata kafin awa 24, kusan 20 cikin 100 sun sami babban ci gaba bayan wata shida, cikin waɗanda aka jinkirta kuwa kusan 9.

Dashen ƙwayoyin halitta

Babu fagen da ya tara fata da yaudara wuri guda kamar wannan. A 2010 kamfanin Geron na Amurka ya fara gwajin farko a jikin mutane da ƙwayoyin asali, wato waɗanda ke iya rikiɗa su zama kowane irin nama. Bayan shekara ɗaya ya dakatar saboda kuɗi, mutane ƙalilan kawai aka yi wa. A 2014 duniya ta ji labarin Darek Fidyka, mutumin Folan da aka daɓa wa wuƙa a baya. Likitoci a birnin Wroclaw, tare da Geoffrey Raisman na Landan, sun dasa masa ƙwayoyi daga sashen ƙwaƙwalwarsa mai jin ƙamshi, suka yi gada da guntayen jijiyar ƙafarsa. Bayan dogon atisaye ya iya takawa da abin dogarawa. Labari ne na gaskiya, amma na mutum ɗaya ne, mai rauni irin na wuƙa. A Jafan, Jami'ar Keio ta sanar a 2025 cewa cikin mutum huɗu da aka yi wa dashe, biyu sun sami ci gaba, biyu ba su sami wani babban sauyi ba.

A ɗaya gefen, a farkon shekarun 2000 ɗaruruwan majinyata sun kwashi dukiya zuwa Bejin domin wani dashe da ba a gwada shi yadda ya kamata ba. Likitoci uku daga waje suka bibiyi bakwai daga cikinsu, suka ba da rahoto a 2006 cewa babu wanda ya sami ci gaba na a-zo-a-gani, kuma biyar sun gamu da matsaloli, ciki har da sanƙarau. A 2014 aka ba da rahoton wata mata da aka dasa wa naman cikin hanci a laka. Bayan shekara takwas ya zama ƙari mai fitar da majina, sai da aka yi tiyata aka cire.

Farkar da abin da ya saura

Wata hanyar ta ɓullo daga wani tsohon bincike. A 1911 Thomas Graham Brown ya nuna cewa lakar kyanwa, ko an raba ta da ƙwaƙwalwa, tana iya fitar da tsarin ɗaga ƙafa da saukewa da kanta. A 1987 Hugues Barbeau da Serge Rossignol a Montreal suka horar da irin waɗannan kyanwoyi har suka riƙa takawa da ƙafafun baya a kan bel mai tafiya. Ashe lakar da ke ƙasa da rauni tana nan da rai, tana kuma iya koyo.

A 2011, Susan Harkema da Reggie Edgerton suka ba da rahoton Rob Summers, matashin da mota ta buge a 2006. An dasa masa ƙaramin faifai mai bakin waya 16 a kan lakar ƙugunsa, yana tsikarar ta da lantarki. Ya miƙe tsaye a kan ƙafafunsa na 'yan mintuna, daga baya ya motsa yatsun ƙafa da niyyarsa muddin na'urar tana kunne. A 2018 cibiyoyi uku, biyu a Amurka ɗaya a Lausanne ta Suwizalan, suka nuna wasu majinyata suna takawa da abin dogarawa. A 2023 Grégoire Courtine da Jocelyne Bloch na Lausanne suka haɗa ƙwaƙwalwar Gert-Jan Oskam, mutumin Holan da ya yi haɗarin keke a 2011, da lakarsa ta hanyar na'ura: yana niyyar ɗaga ƙafa, na'urar ta karanta niyyar ta aika ƙasa da raunin. A ƙarshen 2024 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da wata na'ura da ake mannawa a fatar wuya, bayan gwajin mutum 60 masu ragaggen rauni, inda 72 cikin 100 suka sami ƙarin ƙarfi da amfanin hannu.

Akwai kuma tiyatar da ta koma ga darasin Waller. Ana ɗauko lafiyayyar jijiya daga sama da rauni a jona ta da jijiyar tsokar da ta mutu, ta tsira a hankali kamar kowace jijiyar waje. A 2019 likitoci a Melbourne ta Ostireliya suka nuna mutum 13 masu rauni a wuya da suka koma miƙe gwiwar hannu ko buɗe tafi da riƙe abu bayan shekara biyu.

Ka lura, duk waɗannan ba su haɗa lakar da ta lalace ba. Sun farkar da zaruruwan da suka tsira daga haɗarin, ko sun kewaye wurin raunin. Waɗanda aka dasa wa na'ura ba su da yawa, sun sha watanni suna atisaye, kuma yawancinsu keke ne abin hawansu na kullum.

Rabonka a cikin wannan tarihi

Christopher Reeve, ɗan wasan fim na Amurka, ya faɗo daga doki a 1995 ya karye a can saman wuya. Bayan shekara biyar da atisaye ba fashi, ya motsa yatsansa manuni, abin da likitoci ba su zata ba. Ya rasu a 2004, yana da shekara 52, a lokacin da ake masa jinyar gyambon kwanciya da ƙwayoyin cuta suka shiga. Mutum ne mai dukiya da masu jinya dare da rana, amma abokin gabar sojojin 1918 bai ƙyale shi ba. Daga nan zan ɗauko nasihata.

Da farko, sa'o'in farko suna da tsada. Wanda ya yi haɗari yana kukan wuya ko baya, ko ƙafafunsa suka yi nauyi, kada a naɗe shi a cusa a mota ko a goya shi a babur. A kwantar da shi a miƙe a kan katako ko ƙyauren ƙofa, mutum ɗaya ya riƙe kansa daidai da jikinsa, a nufi asibitin da ke da likitan ƙashi ko na jijiya. Ja da murɗa irin na ɗori yana iya mayar da ragaggen rauni cikakke. Idan kuma ƙafafu suna mutuwa sannu a hankali ba tare da haɗari ba, a je asibiti da wuri, domin tarin fuka yana cin ƙashin baya, kuma yana da magani.

Na biyu, jiki yana da nasa gyaran. Yayin da kumburi ya sauka, zaruruwan da suka tsira suna fitar da rassa su karɓi wani aikin. Mafi yawan wannan ci gaba yana zuwa ne cikin wata uku zuwa shida na farko, yana iya ci gaba fiye da shekara, kuma ya fi yawa ga mai ragaggen rauni. Duk wanda ya ba da wani abu a wannan tsakani zai iya cewa aikinsa ne. Shi ya sa bidiyon mutum ɗaya ya miƙe ba hujja ba ce. Idan aka yi maka tallar dashe ko allura a wata ƙasa, ka tambaya: mutum nawa aka gwada, da su wa aka kwatanta su, a ina aka buga sakamakon, wace hukuma ta amince, kuma wane ne zai ɗauki nauyi idan matsala ta taso? Gwaji na gaskiya ba ya yin alƙawarin warkewa, kuma a bisa al'ada ba ya sayar wa majinyaci abin da ake gwadawa. Ka kai amsoshin wurin likitanka kafin ka sayar da ko akuya.

Na uku, game da magunguna. Kada a sayi firednisolon ko dekzametazon a kyamis domin "ƙarfafa jijiya", suna raunana garkuwar jiki, su ɓata fata da ƙashi. Mai shan bakulofen domin ɗaurewar tsoka kada ya yanke shi farat ɗaya, sai an rage a hankali bisa umarnin likita. Maganin kashe ƙwayoyin cuta a sha shi idan akwai alama kuma likita ya rubuta, domin yawan shansa yana koya wa cutar taurin kai. Wanda rauninsa yake daga tsakiyar ƙirji zuwa sama, idan ya ji matsanancin ciwon kai da gumi a fuska, jininsa ne ya hau, kuma sau da yawa toshewar robar fitsari ko taurin bayan gida ne sanadi. A zaunar da shi, a sassauta tufafinsa, a duba robar, idan bai lafa ba a garzaya asibiti.

Na huɗu, tsarin Guttmann yana nan daram. A juya majinyaci duk awa biyu, a duba ƙugu da ɗuwawu da dunduniya kullum, a kula da fitsari da bayan gida a kan lokaci, a miƙe a lanƙwasa kowace gaɓa, a fito da shi cikin mutane. Masu gwajin na'urorin da na ambata suna neman wanda fatarsa lafiya take, gaɓoɓinsa ba su ƙage ba, ƙodarsa tana aiki. Juyin da kike yi da ƙarfe biyun dare shi ne yake ajiye maigidanki a shirye domin duk abin da ilimi zai kawo, kuma ko bai iso ba, shi ne yake ba shi shekarun da zai ga 'ya'yansa sun girma. Likitan Masar ya ce ciwo ne da ba a taɓawa. Yau ana taɓa shi ta fuskoki da yawa, kuma in da rai da rabo.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya saka wa masu jinya da mafificin alheri.